Yadda Ake Zaɓar Launuka da Haɗa Su a Aikin Ƙullin Zare da Duwatsun Ado

Tun da na fara koyar da ƙulla abin hannu, abin wuya da 'yan kunne da zare da duwatsun ado, wato aikin da ake kira makirame, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta launi. Mutane da yawa hannunsu ya riga ya faɗa da ƙulli, amma sai su ce sun sayi duwatsu masu kyau da zare mai kyau, da suka gama aiki sai abin ya fito a hargitse, ko kuma ya dusashe har ba a iya bambanta dutse da zare. Dalilin da na fi gani shi ne ana zaɓar launi a lokacin da duwatsu suke cike a kwalba, zare kuma yana naɗe a kan sandarsa, alhali kamanninsu suna sauyawa da zarar sun haɗu a cikin ƙulli. Ga matakan da nake bi, kuma jerin nasu yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana rage asarar da za a yi a na gaba.

Mataki na 1: A tanadi kayan gwaji

Ana buƙatar farin ƙyalle ko farar takarda, da wani ƙyallen mai ruwan toka, da ƙananan faranti na zuba duwatsu, da allon ƙulli mai laushi da fil-fil na kafe zare, da almakashi, da laita, da wayar hannu mai kyamara, da ɗan littafin rubutu. Sai kuma da'irar launuka, wato takardar nan mai zagaye da aka jera launuka goma sha biyu a kanta. Ana sayar da ita a inda ake sayar da kayan zane, ana kuma iya buga ta daga intanet. Duk wannan aiki a yi shi da rana, kusa da taga, a inda hasken rana yake shigowa ba tare da ya daki kayan kai tsaye ba.

Gargaɗi: kada a zaɓi launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai haske rawaya. Irin wannan haske yana mayar da fari ya koma ruwan madara, yana kashe shuɗi, yana sa shunayya ta yi kama da ruwan ƙasa. Haka nan hoton kaya a fuskar waya ba abin dogaro ba ne, domin kowace waya da yadda take nuna launi.

Mataki na 2: A fara da abu guda

Kafin a taɓa komai, a zaɓi abu ɗaya da sauran launuka za su bi. Yawanci shi ne babban dutsen da zai zauna a tsakiyar abin wuya ko abin hannu, amma yana iya zama tufafin da za a sa adon da shi, ko launin da mai saye ya ambata da bakinsa. A ɗora shi a kan farin ƙyalle a dube shi da kyau. Duwatsun asali da ake haƙowa daga ƙasa ba safai suke da launi guda ba: shuɗin dutse yakan zo da jijiyoyi baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, wani da ɗigo-ɗigon ruwan gwal, ja kuma yakan yi haske daga gefe har ya kusa zama ruwan lemo. A rubuta duk launin da aka gani a jikinsa, har da wanda sai an ƙura ido ake gani. A ra'ayina wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga mai koyo, domin launukan da suka riga suka zauna tare a jikin dutse guda ba za su yi faɗa ba idan aka maimaita su a zare da ƙananan duwatsu.

Mataki na 3: A nemo abokan tafiyarsa

A nemi launin da aka zaɓa a kan da'ira, sannan a bi ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi.

Hanya ta farko ita ce a tsaya a kan launi guda, a ɗauko mai haskensa da matsakaicinsa da wanda ya ciza, misali ruwan bula da shuɗi sosai da shuɗi mai duhu. Wannan ba ta cika ba da kunya ba. Ta biyu ita ce a ɗauki maƙwabta, wato launuka biyu ko uku da suke jere da juna, kamar rawaya da ruwan lemo da ja, ko kore da shuɗi-kore da shuɗi. Adon da aka yi ta wannan hanya yana fitowa da natsuwa, ya kuma dace da abin da za a riƙa sawa kullum.

Ta uku ita ce ta kishiyoyi, wato launukan da suke fuskantar juna a kan da'ira: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, shi ya sa take ɗaukar ido, kuma shi ya sa ta fi kowace haɗari. Idan aka sa ja wur da kore shar daidai-wa-daida a cikin ƙananan duwatsu, ido yakan gaji da kallo, daga nesa kuma sai su cakuɗe su zama wani launi marar daɗi mai kama da laka. Maganin wannan shi ne a sassauta ɗaya daga ciki, a kuma rage yawansa: kore mai duhu ya zama shi ne mai yawa, ja ya shigo jefi-jefi.

Fari, baƙi, ruwan toka, ruwan madara da ruwan ƙasa ba su da gurbi a kan da'irar, amma su ne masu raba faɗa, kuma kusan kowane haɗi yana buƙatar ɗaya daga cikinsu.

Gargaɗi: a tsaya a kan launi uku, ko huɗu idan an haɗa da mai raba faɗa. Faɗin abin hannu yawanci bai fi santimita ɗaya ko biyu ba, ba shi da filin da zai ɗauki launi bakwai.

Mataki na 4: A auna haske da duhu

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake bayyana dalilin da ya sa wani aikin yake dusashewa duk da an bi da'ira daidai. Launi biyu suna iya bambanta da suna amma su zama ɗaya a duhu. Ja mai cizawa da kore mai cizawa, ga misali, idan aka cire musu launi, toka iri ɗaya suke komawa. A aikin makirame kuwa, ƙulli ƙanana ne, duwatsu ƙanana ne, abin da yake sa ido ya ga zanen daga nesa shi ne bambancin haske da duhu.

A zuba kaɗan daga kowane irin dutse a kan ƙyalle mai ruwan toka, a ajiye zaren a gefensu, a ɗauki hoto da waya, sannan a mayar da hoton baƙi da fari. Abin da ake so a gani shi ne mataki uku a fili: wani abu mai haske, wani matsakaici, wani mai duhu. Idan duka suka koma toka guda, sai a sauya ɗaya, kuma ba sai an bar launin ba, ya isa a ɗauko mai haskensa ko mai duhunsa. Wanda ba shi da waya a kusa yana iya kanne ido ya dubi kayan daga ɗan nesa, zai ga wanne ya ɓace cikin wanne.

Mataki na 5: A zaɓi zare

A nan zan daɗe, domin a nan makirame ya bambanta da jera duwatsu a kan zare kawai. A sarƙar da aka jera, zare yana ɓoye a cikin duwatsu. A makirame kuwa shi ne yake rufe mafi yawan fili, saboda haka a lissafa shi cikin launuka tun farko, kuma sau da yawa shi ne babban launin.

Da farko a yanke shawara ko zaren zai goyi bayan duwatsu ne ko zai fito da kansa. Idan duwatsun masu tsada ne ko masu zane a jiki, a ba su zare mai natsuwa wanda ya ɗan fi su duhu, domin zare mai duhu yana ja da baya ya bar dutse ya fito. Idan kuwa an yi wahala a kan ƙulli mai sarƙaƙiya ana so a gan shi, a guji baƙin zare, domin baƙi yana haɗiye inuwar da take fito da siffar ƙulli. Matsakaicin launi, kamar ruwan ƙasa mai haske, ruwan toka ko kore mai laushi, shi ne ya fi nuna aikin hannu.

Sannan a san irin zaren. Zaren poliyesta mai kaki, irin na Linhasita da ake yi a Burazil, yana zuwa da kauri kamar milimita 0.5, 0.75 da 1, ba shi da sheƙi sosai, kuma kakin yana sa launinsa ya ɗan ƙara cizawa idan aka ɗaure shi tam. Zaren nailan, irin su C-Lon da S-Lon, yana da ɗan sheƙi kamar siliki, launinsa ya fi fitowa da haske. Zaren auduga launinsa a dushe yake, kuma ya fi saurin koɗewa da shan datti. Ko wane iri ne, launin da ake gani a kan sanda ba shi ne za a gani a aiki ba, domin kowane ƙulli yana da 'yar inuwarsa, sai aikin ya fito da duhu fiye da yadda aka zata.

Idan za a yi amfani da zare launi biyu, dole a san wanne ƙulli yake nunawa, wanne yake ɓoyewa. A ƙulli mai faɗi, wanda ake yi da zare huɗu, biyun gefe su ne suke bayyana, biyun tsakiya suna ɓoye a ciki, saboda haka asara ce a sa launin da ake ƙauna a tsakiya. A ƙullin naɗi biyu, wanda yake fitar da layi mai tudu, zaren da ake naɗawa shi ake gani, wanda ake naɗawa a kansa kuwa ya ɓace har sai an sauya musu aiki. Wannan shi ne yake ba mai ƙulli damar fito da launi a inda yake so, ya kuma ɓoye shi a inda ba ya so, amma sai an tsara jerin zaren a kan allo tun kafin ƙullin farko.

Gargaɗi na farko: farin zare mai kaki yana kama ƙura da dattin hannu tun ana cikin aiki, bayan an sa shi na ɗan lokaci kuma sai ya koma ruwan toka. Idan ana son haske, ruwan madara ya fi jurewa. A wanke hannu kafin a fara.

Gargaɗi na biyu: ana rufe bakin zaren poliyesta da na nailan ne ta hanyar narkar da shi da wuta, kuma a zare mai haske wurin yakan bar tabo mai ruwan ƙasa. A kusantar da zaren zuwa gindin harshen wutar, inda yake shuɗi, a yi sauri, a kuma tsara ƙarshen ya faɗa ta bayan aiki. Zaren auduga ba ya narkewa, ƙonewa yake yi, shi sai da gam.

Mataki na 6: A duba fuskar duwatsu da girmansu

Duwatsu biyu masu launi guda suna iya yin aiki daban saboda yadda aka gama fuskarsu. Dutsen da haske ba ya ratsa shi yana riƙe launinsa ko a kan wane zare. Na gilashi garai-garai kuwa yana ɗaukar launin zaren da ya ratsa shi: rawaya a kan shuɗin zare zai karkata zuwa kore, ruwan hoda a kan baƙin zare zai mutu gaba ɗaya. Wanda aka shafa wa ruwan azurfa a cikin hudarsa yana walƙiya fiye da kowanne, ƙwaya kaɗan sun isa. Marar sheƙi yana ja da baya, shi ya sa yake kyau a gefen mai sheƙi. Akwai kuma mai fuskar bakan gizo, wanda yake sauya launi idan aka juya shi, kuma wannan a ɗauke shi a matsayin launi biyu ko uku wajen lissafi. Ni dai a aiki guda nakan bar iri ɗaya kawai ya yi ƙyalli, sauran su yi shiru.

Game da girma, ƙananan duwatsun gilashi ana auna su da lamba, kuma idan lamba ta ƙaru dutse ƙanƙancewa yake yi: 6/0 kusan milimita 4 ne, 8/0 kusan milimita 3, 11/0 kusan milimita 2. Ƙaramin dutse yana narkewa cikin launin zare, babba yana tsayawa da kansa. A gwada huda kafin a ƙwallafa rai a kan launi. Zare mai milimita 0.5 yakan ratsa 11/0 na kamfanin Miyuki ko na Toho, waɗanda ake yi a Japan, amma mai milimita 1 yawanci sai 6/0. Duwatsun asali kuwa hudarsu ba ta da tabbas, a cikin jeri guda da aka saya ma wata ta fi wata faɗi.

Gargaɗi: ba kowane launi ne yake cikin jikin gilashi ba. Wasu duwatsun rina su aka yi ko aka shafa musu launi a waje, musamman masu ruwan hoda da shunayya masu haske da masu kama da ƙarfe, kuma gumi da turare da gogayya suna goge shi. Miyuki yana da shafi mai ƙarko da yake kira Duracoat, Toho kuma yana da PermaFinish. Sun fi tsada, amma ga abin hannu, wanda kullum yake gogar fata, ƙarin kuɗin ya cancanta. Wasu duwatsun asali ma ana rina su. A jiƙa farin ƙyalle a goga a jikin ƙwaya biyu ko uku, idan launi ya zuba a ƙyallen to zai zuba a zare da tufafi.

Mataki na 7: A raba fili

Ƙa'idar da masu tsara launi suka saba bi ita ce kashi 60 ga babban launi, kashi 30 ga na biyu, kashi 10 ga wanda zai ɗauki ido. Ba sai an ƙirga ƙwayoyi ba, ma'anarta ita ce kada launuka su zo kai ɗaya. A abin wuya mai shuɗin dutse a tsakiya, zare mai ruwan ƙasa mai duhu yana iya ɗaukar kaso mafi girma, ƙananan duwatsu shuɗi su ɗauki na biyu, sannan 'yan ƙwayoyi masu ruwan lemo su zagaye babban dutsen, a sake maimaita biyu ko uku kusa da maɗauri domin kada launin ya zama baƙo a wuri guda.

Ƙarfen da za a sa, ko maɗauri ne ko ƙugiyar ɗan kunne ko 'yan ƙwayoyin raba tsakani, yana cikin wannan kashi 10. Ruwan gwal da tagulla da jan ƙarfe sun fi tafiya da ja, rawaya, ruwan ƙasa da kore mai ɗumi. Azurfa ta fi tafiya da shuɗi, shunayya, ruwan toka da baƙi. A tuna cewa tagulla da jan ƙarfe suna duhu da tsufa, wani lokaci ma su bar kore a kan zare mai haske.

Mataki na 8: A ƙulla ɗan gwaji

Kada a yanka zaren aikin gaba ɗaya tukuna. A yanki gajerun zare, a ƙulla kamar santimita 4 zuwa 5 da ainihin ƙullin da za a yi, da ainihin jerin duwatsun. Na san gaggawar da take kama mutum a wannan gaɓa, amma minti ashirin a nan ya fi kwance aikin yini guda, kuma zare mai kaki idan aka kwance shi ba ya komawa yadda yake.

A duba gwajin ta hanya huɗu. A riƙe shi kusa da ido, sannan a ajiye shi a ja da baya kamar taku uku, domin daga nan ne mutane za su gan shi. A sake ɗaukar hoton baƙi da fari. A ɗora shi a kan fata, ta wanda zai sa in da hali, domin fata ma launi ce: zaren da ya yi kusa da launin fata yakan ɓace ya bar duwatsu kamar suna shawagi, wanda wani lokaci shi ake so, wani lokaci kuma aikin ƙullin ne ya tafi a banza. A ƙarshe a dube shi da dare a hasken ɗaki, musamman idan ado ne na fita da yamma.

Gargaɗi: idan abin bai yi ba, a sauya abu ɗaya kawai a sake gwadawa, kuma a fara da zare. Wanda ya sauya zare da duwatsu a lokaci guda ba zai san wanne ne ya gyara ba.

Mataki na 9: Sayayya da ajiye bayani

Sai bayan gwaji ya gamsar ake sayen kaya da yawa. A lokacin gwaji a sayi mafi ƙanƙantar kwalba ko ƙunshi da ake sayarwa. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne manyan sandunan zare na launuka masu raba faɗa, domin kusan kowane aiki zai ci su, da kuma duwatsu masu girma bai ɗaya. Masu araha sukan zo wasu manya wasu ƙanana, wasu da toshewar huda, idan aka gama tsincewa aka zubar sai a ga arahar ba ta kai yadda aka zata ba. Launin da zai ɗauki ido kuwa kaɗan ake buƙata, saboda haka a nan ana iya sayen mai tsada ba tare da aljihu ya ji jiki ba.

A sayi abin da zai isa aikin gaba ɗaya a lokaci guda, da ɗan ƙari. Zare da duwatsu ana yin su ne rukuni-rukuni, kuma launi mai lamba ɗaya yana iya ɗan bambanta daga wannan rukuni zuwa wancan. Bambancin ba ya bayyana a kwalba, amma yana fitowa sarai idan aka ci gaba da sabo a tsakiyar abin wuya, ko aka yi ɗan kunne ɗaya da tsoho ɗaya da sabo. Zaren aiki yakan ci ninki huɗu na tsawon abin da ake ƙullawa ko fiye, gwargwadon cunkoson ƙulli, saboda haka a auna abin da ɗan gwajin ya ci a lissafa daga nan.

Daga nan a manna ɗan gwajin a littafi, a rubuta a gefensa sunan kamfani, lambar launin zare da kaurinsa, lambar launin kowane dutse da girmansa, da jerin zaren a kan allo daga hagu zuwa dama. Gwajin da bai yi kyau ba ma a manna shi, a rubuta abin da ya ɓata shi. Ragowar zare da duwatsu a ajiye su a akwati mai murfi nesa da hasken rana, kowane launi da lambarsa a jiki, domin wanda ya sayi abin wuya yau yana iya dawowa bayan wata shida yana neman 'yan kunnen da za su dace da shi.